Amsar da Na Kasa Ba Ka a Tasha

Daura.

Zuwa ga Malam,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri a cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata ka sauka lafiya, ruwa bai taɓa maka kaya a hanya ba, mutanen ƙauyen kuma sun karɓe ka hannu bibbiyu. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya da na baƙunta, ya sa ruwan garin ya karɓe ka, ya ba ka lafiyar da za ka riƙe aikin da ka ɗauka. Mu nan lafiya lau. Ba labarin gida zan ba ka ba, wannan ƙanwarka Rahila za ta cika maka kunne da shi a waya.

Ka ga na rubuta Malam. Tun da ka gama makarantar koyon aikin bishara kowa ya koma kiranka haka, ni kuwa sai na samu inda zan fake, don ka san bakina bai taɓa kama sunanka ba, kai ne ɗan fari. Da "kai yaro" da "wancan" na rene ka har ka yi gemu.

Abu biyu suka sa na ɗauki biro, kuma ka san su. Ranar Lahadin da aka yi maka sallama a majami'a, matan zumunta suka tashi da tulu da kacau-kacau, suka fara waƙa suna saka sunanka a ciki. Ni ina waje wajen tukwane, don ba a san uwa da zama tana kallo ana yabon ɗanta na fari ba, amma komai ya shiga kunnena. Ka miƙe ka ɗaga hannu, ka ce su dakata. Ka ce a ikilisiyar da za ka riƙe ba za a ambaci sunan mutum a waƙa ba, ba za a gode wa kowa daga kan mumbari ba, yabo na Allah ne shi kaɗai. Tulu ya yi shiru. Tsofaffin nan da suka goya ka suka koma suka zauna jiki a sanyaye.

Washegari a tasha, ana ɗaura katifarka a saman motar Baure, na ce maka abin da ka yi wa matan nan bai yi mini daɗi ba. Ka dube ni, ka yi 'yar dariya, ka ce, "Inna, ai a wurinki na koya. Kin yi wa kowa waƙa a garin nan, ni ban taɓa jin kin ce na yi daidai ba, kuma ga ni ban mutu ba. Ko kuwa ban taɓa yin daidai ɗin ba ne?" Na ce maka ka yi sauri direba yana kira. Direban kuwa yana can gindin bishiya yana shan rake.

Tun ranar maganar nan take cina. Ga ka can za ka riƙe mutane, 'yan gidaje kaɗan da suke taruwa a ɗakin laka, ka tafi musu da bakin da ni na ƙulle maka. Ka kuma tafi kana zaton uwarka ba ta taɓa ganin abin kirki a jikinka ba. Na so in ba ka amsa ɗaya miƙaƙƙiya, irin wadda iyayen kirki suke ba 'ya'yansu. Wallahi ba ni da ita. Na yi yabo ya ɓaci, na hana yabo ya ɓaci. Abin da zan iya shi ne in zube maka su a gabanka kamar gyaɗa a tabarma, ka tsince da kanka.

Ba za ka tuna farkon zuwan Fasto Ishaku ba, kana goye aka kawo mana shi. Lokacin mu 'yan tsiraru ne a Daura fiye da yanzu, ma'aikatan da aka turo daga nesa da mu Hausawa 'yan gidaje kaɗan, sai wasu a warwatse a ƙauyuka. Mutumin nan ya yi aiki, gaskiya ɗaya ce. Da wani tsohon keke yake bin ƙauyukan nan, damina da rani, ya dawo ƙafa duk kaushi. Ranar da amalanke ya danne wa babanka ƙafa, shi ya goya shi har asibiti.

Ni kuma Allah ya ba ni murya da saurin ƙulla waƙa, shi ya sa nake ba mata waƙa a sujada suna amsawa. A garin nan na yi wayo, kuma duk wanda ya tashi a Daura ya san yadda ake kambama mutum. Tun ina yarinya nake jin maroƙa a gidan biki suna jera wa mutum kakanninsa har ya ji ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Ba wanda ya koya mini, kunne ne ya ɗauka ya ajiye.

To wata shekara muna godiyar kaka, kowa ya kawo abin da gonarsa ta ba shi, damman gero da wake da kaji an tara gaban majami'a, ina cikin waƙar gode wa Allah don ruwan sama, sai idona ya faɗa kan Fasto. Yana zaune ya rame, takalminsa an ɗinke shi da zaren buhu. Ban shirya ba, bakina ne ya kuɓuce. Na ce Ishaku makiyayi, mai taka ƙaya don tunkiya ɗaya, gamji inuwar matafiya. Mata suka amshe, wata ta rangaɗa guɗa. Ya sunkuyar da kai yana share ido da hannun riga, ni ma sai da na yi hawaye.

Mako mai zuwa mata suka ce a maimaita, na maimaita, har na ƙara baiti. Haka muka yi ta yi. Sannu a hankali abin da aka fara karɓa da hawaye ya koma haƙƙi. In lokacin wa'azi ya yi ba mu tashi waƙarsa ba, sai ya tsaya yana buɗe-buɗen littafi, yana gyaran murya, har sai an yi guɗa sannan ya taka mumbari. Wa'azin ma ya koma labarin kansa, yadda ya ƙetare rafi, yadda kare ya kore shi a wani ƙauye. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne keken nan ya jingine shi a zaure har taya ta sace. Waƙar ta ci gaba da zuwa ƙauye kowace Lahadi, shi kuwa ya daina.

Akwai wani dattijo namu a wani ƙauye ta hanyar Mashi da ya kwanta ciwo yana ta aiko a kira masa Fasto. Dattawan ikilisiya, har da babanka, suka je suka same shi, suka yi masa magana cikin ladabi. Ya ce musu, "Ku ne za ku koya mini kiwo? Ku je ku saurari matanku, su sun san ko ni wane ne." Dattijon ya rasu bai gan shi ba. Babanka ya dawo gida ya zauna bai taɓa tuwo ba, ya ce mini, "Ba a mugun sarki sai mugun bafade. Ke kika sa masa rigar nan, yanzu ta ƙi fita." Na yi fushi ranar, na ce ni ƙarya na yi? Ba gaskiya na faɗa ba? Ya ce gaskiya ce a shekarar da na fara faɗarta.

Saboda haka, Malam, duk ranar da ka ji ƙafarka tana jiran guɗa kafin ta taka mumbari, ka ji tsoro. Ka nemi mutum ɗaya a cikin jama'arka wanda ba ya jin nauyinka, ko da tsoho ne mai faɗa, ka jawo shi kusa, ka bar masa ƙofa a buɗe. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kuma in an yabe ka da wani aiki, ka duba ko har yanzu kana yin sa.

Da a nan zancen ya tsaya, da na ce ka kyauta da ka ɗaga wa matan nan hannu. Amma bai tsaya ba. Bayan shekaru, Fasto Ishaku ya ajiye aiki ya koma garinsu, ido ya yi rauni, matarsa ta rasu, muka je masa gaisuwa. Da ya ji muryata sai ya ce in matso. Ya ce, "Ke ce mai waƙar nan? Bari in gaya miki abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ranar godiyar nan jakata a ɗaure take. Na gaji, na ce ba wanda ya san ina wahala, zan koma gonar ubana. Waƙarki ce ta kwance jakar." Ya yi ta sa mini albarka, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata.

To ka gaya mini, kai da ka yi karatu. Waƙa ɗaya ce. Ita ta riƙe shi, ita ta kayar da shi. Da ban yi ba, da ya tafi tun kana ƙarami, da ƙauyukan nan sun rasa shekarun da ya yi yana binsu da gaske. Da na yi kuma, wani dattijo ya mutu yana kallon ƙofa. A wace Lahadi ya kamata in daina? Na juya abin nan a raina har na tsufa, ban gano ranar ba.

Wanda ya gaje shi kai ma ka san shi, Fasto Dauda, a hannunsa ka yi baftisma, kuma na ji muryarsa a bakinka ranar sallama. Da zuwansa ya ji labarin abin da ya faru, ya kafa doka: ba sunan mutum a waƙa, ba godiya ga kowa a cikin majami'a. Ni na fi kowa murna. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. A lokacin ni ce shugabar zumuntar mata, sai na zama ɗan sandan dokar, har na fi mai dokar zafi.

Ka tuna Asabe, matar mai facin taya, wadda take kaɗa mana tulu? Mijinta ba ya zuwa sujada, ba ya kuma son zuwanta. Duk Asabar sai ta tako daga bakin gari da tsintsiyarta, ta share majami'a, ta yayyafa ruwa, ta goge bencuna. Ba wanda ya sa ta. Shekara da shekaru muna zuwa Lahadi muna tarar da wuri fes, kamar da kansa yake sharuwa.

A taronmu na ƙarshen shekara wata daga cikin matan ta miƙe ta ce, "Mama, mun haɗa kai mun kawo turmin zane, muna so a ba Asabe a ce mata sannu da aiki." Asabe tana zaune a wurin, tulu a tsakanin ƙafafunta. Na gyara zama, na ce a kai zanen ga marayu, ladan Asabe yana sama, kada mu rage mata shi da tafin duniya. Na faɗa da ƙarfin zuciya, ina jin na tsare wa Allah haƙƙinsa. Asabe ta yi murmushi ta ce, "Haka ne, Mama."

Daga nan ta fara tsallake Asabar, sannan ta fara tsallake Lahadi. Da na ga abin ya yi nisa na je gidanta, na tarar tana surfe. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, muka gaisa. Na tambaye ta ko mai gidan ne ya hana. Ta ce a'a. Na ce to zanen ne? Ta ajiye taɓarya ta ce, "Mama, ni ban nemi zane ba, ban ma san da shi ba. Sharata nake yi ina jin daɗina, tsakanina da Ubangijina. Amma da kika hana a gabana, sai na ji kamar an zauna an duba an ga ban kai a ce mini sannu ba. Tun ranar in na ɗauki tsintsiyar sai ta yi mini nauyi." Na ba ta haƙuri, ta ce ba komai. Ta dawo sujada daga baya, tana zama a bencin ƙarshe, amma ba ta sake taɓa tulu ba har suka bar garin.

Kada ka ɗauka ina cewa Fasto Dauda mugu ne. Mutum ne mai gaskiya, a zamaninsa ba wanda ya kumbura, ba wanda ya mutu yana jiran ziyara. Sai dai in ka shiga majami'ar sai ka ji ta kamar ɗakin da aka kwashe kaya. Kowa ya yi aikinsa ya tafi gida. Kuma ga abin da ya ƙara rikita ni. Ba a jima ba ya yi suna a matsayin faston da ba ya son yabo, mutane suna faɗa a gabansa, "Kai, Fasto Dauda ba ya son a yabe shi," ni kuwa ina kallon fuskarsa tana washewa. Labarin zuciya a tambayi fuska. Bayan sujada kuma sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce mini, "Mama, muryata ta kai baya kuwa?" A majami'ar da in ka yi atishawa a gaba na baya zai ce maka sannu! Ba murya yake tambaya ba, na sani, so yake wani ya ce masa wa'azin ya shiga zuciya. Sau da yawa ya shiga ɗin. Amma dokarsa ce, sai in ce masa, "Ta kai," in wuce.

Mutanen da ka je wa, Malam, wuninsu a gona yake, ba mai tafa musu a ko'ina. In wata ta share wurin sujada, ka kira sunanta ka ce mata sannu. In wani ya gyara rufin da ya yi yoyo, ka faɗa. Ban tsammanin Allah zai ji an rage masa wani abu don an gode wa mai shara. Ga shi na rubuta, sai kuma na tuna irin wannan tunanin na yi ranar da na ga takalmin Ishaku. Ka ga inda nake ta kewayawa.

Masu ilimi sun ba ni dabaru. Wata malama da ta zo mana taron mata ta ce a yabi aiki, kada a yabi mutum. Na gwada. Ka ce shara ta yi kyau, alhali mai sharar tana tsaye tana kallonka, tsintsiyar kake gaya wa? Wani kuma ya ce a yi yabon a keɓe, daga kai sai shi. Wannan ya fi kama hankalina, amma wanda aka ƙasƙanta a gaban jama'a fa, a ɗaki za a ɗaga shi? Ban ce dabarun ba su da amfani ba, ka gwada su, wataƙila a hannunka su yi. Ni dai a hannuna kowace ta yi aiki a kan wani, ta ƙi a kan wani.

Yanzu sai naka, wanda nake ta zagayawa tun farkon takardar nan.

Ka san al'adarmu. A wannan ba mu da bambanci da maƙwabtanmu Musulmi. Ni da Hajiya Indo katanga ɗaya ta raba mu, ita ma har yau ba ta kiran sunan babban ɗanta, ga shi da jikoki. Haka uwata ta yi wa yayana, haka na tarar. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a wasa da shi a gaban mutane, ba a yabonsa. Amma ni nawa ya wuce kunya, akwai tsoro a ciki, kuma ba ka san dalilin ba. Kana jariri ka yi ƙiba, ka yi kyau, wata rana ina yi maka wanka na manta akwai mutane a tsakar gida, na ɗaga ka sama na ce, "Kai, wa ya haifi irin wannan!" Mata suka yi ta dariya suna ce mini marar kunya. Ba a daɗe ba ƙyanda ta kama ka, har muka fid da rai. Kakarka ta wajen uba ta dube ni ta ce bakina ne. Na san an koya mana ba baki ne yake riƙe da rai ba, Allah ne. Kaina ya yarda, cikina bai yarda ba. Da ka tashi na yi wa kaina alkawari ba zan sake ba.

Shi ya sa ranar da ka zo na ɗaya a makaranta, ka shigo da gudu kana ɗaga takarda, na ce maka awaki ba su sha ruwa ba. Shi ya sa ranar da aka fara ba ka wa'azi a taron matasa na ƙura wa ƙasa ido tun daga farko har ƙarshe, da mata suka zo suna yi mini barka na ce, "Surutu ne kawai, gadon ubansa." Kana bayana, na san ka ji. Rahila da Auta kuwa in sun wanke kwano ɗaya sai na yi musu kirari.

Ni a zatona muna da wata hanyar magana, ni da kai. Tsokar da nake binnewa a ƙarƙashin tuwonka, ƙanzon da nake hana kowa in ajiye maka, har Rahila tana ƙorafin na fi son ka. Na ɗauka kana karantawa. Ashe kai nama kawai kake ci.

Kuskure na yi? In ka tambayi matan garin nan, Kirista da Musulmi, za su ce na yi kunya, na cika 'yar mutunci. Ko yau aka mayar da ni baya ban san ko zan iya yin dabam ba. Wani lokaci in ce shirun nan ne ya sa ka fito mutum mai kamun kai wanda ba ya rawar ƙafa a gaban manya. Wani lokaci kuma in tuna dariyar da ka yi a tasha, irin dariyar da ba ta kai ido ba, in ji zuciyata ta karye. Abu ɗaya na lura da shi, shi ma ban rantse a kai ba. Ishaku da ya kasa rabuwa da guɗa, da Dauda da ya toshe wa kowa baki, ina ganin duk yunwa ce take damunsu, kowa da yadda ta fito masa. Tsorona kada ka tafi da irin yunwar nan, kuma a ce daga ɗakina ka ɗauko ta. Mai jin yunwa ba ya iya rabon abinci da daɗin rai.

Don haka ga ɗan abin da zan iya cewa. Yabon Allah ka cika majami'arka da shi, ka bar mata su kaɗa tulunsu su yi rawa, kada karatu ya sa ka ji kunyar guɗa. Wannan kam ban taɓa ganin ya ɓata kowa ba. In tsohuwa ta ɗauko sunanka a waƙa, ka bar ta ta ƙarasa baitinta, ka ce mata ka gode, sannan kai ka ɗauki waƙar ka mayar da ita ga Mai ita. In ta maimaita mako mai zuwa, ka je gidanta ka roƙe ta ta saka sunan wani. In ta sake kuma, to ban sani ba, ka yi addu'a. Matan nan namu kuwa ka kira su a waya ɗaya bayan ɗaya ka ba su haƙuri. Sun yi ta koyon waƙar nan a ɓoye don kada ka ji, ka yanke musu ita tun ba su kai amshi ba.

Saura tambayarka. Na daɗe ina riƙe da biro a kan wurin nan.

Shekarar da ɓarin jikin babanka ya shanye, ka baro makaranta ka dawo gida. Kullum da safe kai kake goya shi zuwa makewayi, ka wanke shi, ka aske masa gemu, ka sa masa riga mai guga da hula, ka zaunar da shi a kujera a zaure, don masu zuwa dubiya su tarar da dattijon ikilisiya, ba majinyaci ba. Ciwon ya taɓa masa hali, akwai ranar da ya mare ka da hannun nan mai lafiya don ruwan ya yi masa sanyi. Ka je ka ƙaro ruwan zafi, ka dawo kana tsokanarsa har ya yi dariya da rabin bakinsa. Kana zaton ina madafa. Ina bayan asabari a tsaye, na toshe bakina da gefen zane. Mutane suka yi ta zuwa suna cewa, "Mama, kin iya jinya, kin riƙe amana," ina amsawa, kana zaune a gefe kana ji, ban taɓa cewa ɗana ne ba. Kai ma ba ka taɓa cewa ni ne ba.

Ka yi daidai. Ranar nan ka yi daidai, da ranar takardar makaranta, da ranar wa'azin. Ban san wanda ya fi ni sa'ar ɗa a garin nan ba. Duk waƙoƙin da na yi wa mutane, babu wadda ta kai wadda na haɗiye. Mutanen ƙauyen nan sun yi dace, kuma ni na san haka tun kafin wata makaranta ta ba ka takarda.

In ka zo hutu kada ka ɗauko mini zancen nan. Zan iya juya maka baya in kama wani aiki, sunanka ma kada ka jira shi, na tsufa da wannan. Amma ban janye ko kalma ɗaya ba.

Ubangiji ya tsare fitarka da shigarka, ya kiyaye ka a kan babur da a ƙafa, ya raba ka da zazzaɓin damina da mugun ji da mugun gani. Ya ba ka zaman lafiya da mai gari da maƙwabta, ya sa jama'arka su ji daɗin hannunka. Ya ba ka hikimar da ni ban samu ba. Ka gaishe mini da dattawan wurin da matansu.

Da ka gama karantawa ka kira wayar Rahila, ta miƙo mini. Ba sai ka ce komai ba, ka gaishe ni kawai, in ji lafiyarka ƙalau.

Ni ce,
Innarka.